Na fitar da ɗalibaina ƙarƙashin gawo, wani uba ya kai ƙarata

Malamin aji biyar, yankin Gumel:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa malamai. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Laraba, na ce bari in kawo shi nan mu haɗa hankali.

Darasin kimiyya muke yi a kan tsirrai. Ajin namu rufin kwano ne ba silin, kun kuwa san yadda yake idan rana ta take a wannan lokaci. Ina ta rubutu a allo, da na waiwayo sai na tarar rabin yaran gyangyaɗi suke. Na ce kowa ya ɗauki littafinsa da fensir ya biyo ni. A gonar da ke bayan makaranta akwai wani tsohon gawo, kusa da shi kuma kuka. Kukar ta kaɗe tas, sai rassa. Gawon kuwa kore shar, inuwa luf. Na tambaye su: me ya sa ɗaya ta zubar da ganye, ɗayan yana cikin ganyensa, alhali ƙasa ɗaya, rana ɗaya?

Shiru. Can sai wani yaro da ke zama a layin baya, wanda tun farkon zango ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ai gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi sabo. Kuma geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya." Bai tsaya nan ba. Ya tsinto ɗan gawo a ƙasa, ya ɓare shi, ya nuna mana ƙwayar, ya ce awakinsu da gudu suke zuwa in sun ji ana kaɗo shi. Yaron nan har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi, amma ranar shi ya karantar. Ni abin da na ƙara kawai shi ne dalili: cewa a saiwar gawo akwai wasu ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye a buhun yuriya, kuma ganyen da yake zubarwa daidai lokacin shuka shi ne ke zama taki, ga shi ba ya tare wa gero rana. Kowa ya zana itatuwan biyu, ya rubuta jimla uku, muka koma.

Washegari wani uba ya zo wurin hedimasta. Ya ce shi aji ya turo ɗansa, in daji ne ai akwai shi a gida. Hedimasta bai yi min faɗa ba, amma ya ce in dakata tukuna. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a shekarun da na yi ina koyarwa ban ga darasin da ya zauna a kan yara kamar wannan ba. Shin kuskure na yi?

Uba, manomi daga Ringim:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ranka ya ɓaci, amma ni ina bayan uban nan, kuma zan faɗa maka dalili.

Lokacin da muke firamare, duk ranar da aka ce "yau aikin gona ne", gonar malami ake kai mu. Mun yi masa noman firi, mun yi maimai, da kaka mun cire masa gyaɗa. Ba a taɓa koya mana ko harafi ɗaya a gonar nan ba. Da yawa daga cikin sa'o'ina abin da ya sa iyayensu suka janye su ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ka sani, mutumin ƙauye da ya saki ɗansa ya tafi makaranta, kiwo ya ajiye, ɗiban ruwa ya ajiye, hannu guda ya rasa a gona. Ya yi haka ne don yaron ya samo abin da babu a gida. In ya hango shi daga nesa zaune a gindin itace, me kake so ya ɗauka?

Malamin aji biyar, yankin Gumel:

Baba, wallahi maganarka ta shige ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni ina ganin darasi, shi yana ganin abin da aka yi musu.

Tsohon hedimasta, Dambatta:

Ɗana Malam, ba ka yi kuskure a darasi ba, a tsari ka yi. Alhaji na Ringim kuma gaskiya ya faɗa, an yi wannan zalunci, na gan shi da idona, har na taɓa hana shi a makarantar da na riƙe.

Amma kada mugun abu ya sa mu manta da mai kyau. A zamaninmu makarantu da yawa suna da lambu, akwai Ƙungiyar Matasan Manoma, kowane aji da fegensa. Abin da aka noma ana sayarwa, a rubuta kuɗin a littafi a gaban yara. A nan muka koyi awo da lissafin riba. Bayan farin 1973 da ya cinye dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, gwamnatin tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau kafin a cire ta a 1991, ta duƙufa wajen dasa shingayen itatuwa a arewacin jihar. Duk wanda ya san ƙasar Dambatta ya san layukan turare da darbejiya da aka ja don su karya iskar hunturu, su hana ta kwashe ƙasar gona. Mun ɗauki yara mun kai su, mun ce su tsaya ta gefen da iska ke bugowa, sannan su zagaya bayan shingen su tsaya. Ba sai ka yi dogon bayani ba, fuskarsu ma ta gaya musu bambancin.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kafin ka sake fita, a kira kwamitin iyaye da malamai a gaya musu. A rubuta fitar a jadawali, ranar kaza, minti kaza, wuri kaza. Kuma kada yaro ya dawo hannu rabbana, sai da rubutu ko zane ko lissafi a littafinsa wanda ubansa zai iya buɗewa ya gani. In uba ya ga shafi cike, bakinsa ya mutu. Abu na ƙarshe, kada ƙafar yaro ta taka gonar malami da sunan darasi, ko da malamin waliyyi ne.

Malama daga Haɗejiya:

Ranka ya daɗe Baba hedimasta, Allah Ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara wani abu daga ɓangarenmu na bakin ruwa.

Ni abin da ke ci min rai shi ne littafin da nake koyarwa da shi yana maganar ƙanƙarar da ke narkewa a can ƙuryar duniya, ga hoton dabbar da yarana ba za su taɓa gani ba. Alhali yaran nan a ambaliyar 2022 wasunsu a kan titi suka kwana, wasu ajin da muke zaune a ciki ne ya zama gidansu na makonni. Sun ga shinkafar iyayensu a ƙarƙashin ruwa. In ban iya bayyana musu wannan ba, me na koyar?

Sai na fara da kachalla. Na sa aka yanko min guda ɗaya da saiwarta, na kawo. Kowa ya san ta, har da masu cewa ita ta cinye musu fadama. Na tambaye su ko kakanninsu sun taso sun gan ta da yawa haka. Na ce kowa ya je ya tambayo. Washegari amsa kusan ɗaya: a'a. Daga nan na zana musu kogin a allo, tun daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, har ya iso mu ya wuce Nguru. Na nuna musu cewa da can ruwa kan zo da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Da aka soma sakin ruwa duk shekara, sai wasu wurare suka daina bushewa, kachalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya yi masa yawa, wani ya rasa, tsuntsun nan jan baki kuma ya sami mafaka a cikinta yana fitowa yana cinye hatsi. Wata yarinya ta ce, "Malama, ashe abin da aka yi a Kano ne ya zo gonarmu?" Na ce mata madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga ɗimbin jama'a, amma kogi ɗaya ne, abin da aka taɓa a sama sai an ji shi a ƙasa.

Ga kuma Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, dausayin da aka sa a jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyi na duniya, a 2008. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a wannan yanki. Baƙi na zuwa daga nesa su kalle su, yaran da aka haifa a gefen wurin kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu daga ina tsuntsayen suke.

Sai dai ina gargaɗi da babbar murya: ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ban taɓa kai yara bakin kogi ko kududdufi ni kaɗai ba. Sai da malami na biyu da wani dattijo masunci, kuma ba mai sa ƙafa a ruwa, saboda nutsewa da kuma tsargiya. 'Yan mata manya kuwa sai na bi gida-gida na nemi izini, kuma ni da kaina nake mayar da su.

Wata uwa, yankin Ɓaɓura:

Malamai ku yi haƙuri, ni ba mai ilimin boko ba ce sosai, amma ina da ƙorafi.

Kwanaki 'yata ta dawo daga makaranta ta tarar ina hura wuta. Ta tsaya a kaina ta ce malaminsu ya ce masu girki da itace su ne ke jawo hamada. A gaban ƙannenta. Na rasa abin da zan ce mata. Da me zan dafa musu tuwon? Gas nawa ne, kuma a ina zan cika shi a ƙauyenmu? Kara muke haɗawa da kashin shanu, in sun ƙare mu sayi itace. Ba mu muke loda gawayi a manyan motoci ana kaiwa birni ba. In fitar da yara waje na nufin a koya musu raina iyayensu, to ni ban yarda ba.

Malama daga Haɗejiya:

Yaya, kin yi gaskiya, kuma malamin nan bai kyauta ba. Ni ma da itace aka raine ni. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya sa yara su gina murhun laka a filin makaranta, irin mai kewaye da ke tare iska, su ɗora tukunya biyu masu ruwa daidai, ɗaya a kansa, ɗaya a kan duwatsu uku, su ƙirga itacen da kowanne ya ci kafin ruwan ya tafasa. Da 'yarki ta dawo miki da abin da zai rage miki kashe kuɗi, ba da gori ba.

Ma'aikacin gandun daji, Dutse:

Hajiya ta Ɓaɓura, Allah Ya huci zuciyarki. Ba mai girki ce ta ƙarar da kirya da marke ba, masu gawayi ne.

Malamai kuma, tunda an zo maganar itace, bari in faɗi abin da ke damuna a aikina. Duk shekara makarantu kan zo su karɓi dashe. A tara yara, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a dasa ɗari. Wasu ma ranar 5 ga Yuni suke yi don ita ce Ranar Muhalli ta Duniya, alhali a arewacin Jigawa sau da yawa ruwa bai zauna ba a lokacin. Waɗanda suka jira Yuli kuma, suna dasawa sai dogon hutu ya zo, makaranta ba katanga, awakin gari su shiga. Wanda ya tsira daga akuya, bazara ta ƙarasa shi a Afrilu. Shekara ta zagayo a sake karɓar ɗari, a dasa a ramukan bara.

Me yaro ya koya a nan? Ya koyi cewa dashe biki ne na yini ɗaya. Ni gara makaranta ta dasa goma, kowace bishiya a damƙa ta ga yara biyar waɗanda gidajensu ke kusa, su kewaye ta da ƙayar magarya ko bulon laka mai ƙofofi, su riƙa juye mata ragowar ruwan butarsu da rani, su auna tsayinta duk wata su rubuta. A yi bikin ranar da ta cika shekara da rai.

Kuma ba dole sai an dasa ba. Hajiya, ku da kuke Ɓaɓura, Magarya tana tsallaken iyakarku. Duk wanda ya shiga ƙasar Magarya da Matamai da Mirya a Jihar Damagaram zai ga gonaki cike da gawo, kuma yawancinsa ba dasa shi aka yi ba. Manoma ne suka daina sassabe tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Tunda saiwar tana nan da ranta a ƙasa, girman ba ya ɗaukar lokaci. A Nijar suna ce masa sassabin zamani. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi a yankin Maraɗi tun daga 1983, kuma masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar da kimanin hekta miliyan 5. Rassan da ake ragewa kuwa su ne itacen girki, kin ga an rage miki tafiya ke nan. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya har da Kano da Jigawa, yana aikinsa, amma ba zai shiga gonar kowa ya tsare masa toho ba. Yaro ɗan aji biyar da wuƙa ƙarama, da babba a kansa, zai iya koyon wannan a safiya ɗaya.

Malamin Islamiyya, Kazaure:

Ina goyon bayan wannan. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, to sadaka ce gare shi. Ku lura, sai an ci ake maganar lada, kuma dashen da ya bushe a wata biyu ba mai ci daga gare shi. Mu a tsangaya dama a waje muke karatu tun fil azal, saboda haka kada wani ya ce zama a inuwar itace ba karatu ba ne. In malamin boko zai kira taron iyaye a kan wannan, ya fara da liman da mai unguwa.

Sabon malami, ya gama NCE bara:

Iyayena malamai, ku gafarce ni, duk na yarda, amma jarrabawa fa? Mai duba makarantu in ya zo, manhaja zai buɗe ya ga inda na tsaya. Jarrabawar shiga sakandare ba za ta tambayi yaro sunan gawo ba. Ga yara cunkus a aji, ni kaɗai, in na fita da su rabi sai su sulale gida. Ina tsoron mu yi ta abin da ke da daɗi, ƙarshen shekara yara su faɗi, a ce mu ne.

Tsohon hedimasta, Dambatta:

Ɗana, tsoronka yana kan hanya, kuma ban ce a fita kullum ba. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ba sai an yi nisa ba. Amma ka buɗe manhajar taka ka duba da kyau. Akwai awo, akwai yanayi, akwai ƙasa, akwai zaizaya. Duk suna nan a ciki, mu ne muke mayar da su hadda.

Ka samo gwangwani mai miƙaƙƙen gefe, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da rufi da itace. In an yi ruwa da dare, da safe yaro ya sa rula ya auna zurfinsa. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. To in sun sami milimita 20, ka ce su lissafa abin da ya zuba a kan hekta guda mai murabba'in mita 10,000. Lita 200,000. Sai ka ce su raba da jarka mai lita 25. Jarka 8,000 a dare ɗaya, a gona ɗaya. Yaron da ke tura kurar ruwa ba zai manta wannan lissafin ba. Daga nan ka tambaye su ina ruwan ya tafi. Ka cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya ka rufe da ciyawa, ka karkata su, ka zuba ruwa da buta, su ga wanne ne ke fitar da jan ruwa. Ka gama babin zaizayar ƙasa ke nan, ka haɗa da ninkawa da rabawa.

Masu sulalewa kuma, raba su rukuni-rukuni, kowane da shugaba da takardar suna, a kira suna kafin fita da bayan dawowa. Ka sa su sa takalmi, kada a ɗaga dutse ko a zura hannu a rami saboda kunama da maciji. Inda kuma ake da matsalar tsaro, ko tantama kada ka yi, filin makaranta ya wadatar.

Uba, manomi daga Ringim:

To in irin wannan ne, ni ma zan so a yi wa nawa. Amma ina da tambaya. Su wa za su koyar da sunayen? Malaman yanzu da yawa 'yan birni ne. Na taɓa nuna wa wani kanya da ɗinya, bai bambance su ba. Jikana ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma bai taɓa ganin ungulu ba, mu kuwa da su muka taso a mahauta. Bai san cewa in shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan kuka, lokacin gyaran gona ya yi ba. Tsofaffin da ke lissafin damina da taurari, su ce yau Nasara ta shiga, ga Ɗarfa nan tafe, ɗaya bayan ɗaya suke tafiya.

Malamin aji biyar, yankin Gumel:

Baba, tambayarka ta zo daidai da labarin da na dawo da shi. Jiya bayan la'asar na bi shawarar Baba hedimasta, na roƙi mai unguwa ya raka ni gidan uban nan. Na ba shi haƙuri a kan rashin sanar da su, na buɗe masa littafin ɗansa ya ga zanen da rubutun. Ya daɗe yana kallo. Ashe gonar da gawon yake ta yayansa ce, kuma mahaifinsu ne ya hana a sare shi. Muna cikin hira ya lissafa min itatuwan da ya ce da akwai su tsakanin garin da fadama, yanzu babu ko ɗaya: ɗorawa, kanya, ɗinya, kirya, tsada. Ya nuna min da hannu inda kowacce take. Na ce masa ko zai zo ya faɗa wa yara wannan da bakinsa, su rubuta, su zana taswirar garin ta da da ta yanzu. Ya ce shi bai yi boko ba, me zai koyar. Mai unguwa ya sa baki. Bai amsa ba tukuna, ya ce sai ya yi shawara, kuma ya ce ko ya zo, ba zai yarda a wuce minti talatin a waje ba. Hedimasta ya ce za a kira kwamiti ranar Asabar.

Malam na gandun daji, yaran sun tara min 'ya'yan gawo cike da kwano. Na shuka wasu a ledar fiya wata mako biyu ke nan, ko ɗaya bai tsiro ba. Ina matsalar take?

Ma'aikacin gandun daji, Dutse:

Ɓawon ƙwayar ne ke da tauri, ruwa ba ya shiga. Ka zaɓi waɗanda ƙwaro bai huda ba, ka ɗan ƙwarzane gefen kowace da abin yanke farce ko ka goga ta a kan dutse har ka hango fari kaɗan, ka kauce wa wajen cibiyar. Ka jiƙa su kwana ɗaya, waɗanda suka kumbura su za ka shuka. Ko kuma ka ce yaron nan mai kiwo ya tsinto maka waɗanda ke cikin kashin awaki, cikinsu ya riga ya yi maka aikin. Ka huda gindin ledar, ka haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki. Sai dai kada ka yi gaggawa, ka bari sai wajen Afrilu, domin gawo saiwa yake fara zurawa ƙasa kafin ya yi sama, in ya daɗe a gajeriyar leda sai ta nannaɗe, ko ka dasa ba zai yi ƙarko ba. In ka sami leda mai tsawo ta fi. Ruwa na zama a Yuli ka fitar da su, ƙayar kewayewa kuma a tanade ta tun kafin a haƙa rami.